An Raɗa wa Marigayiya Suna

Sau biyu aka kashe ni a garin nan, kuma duka biyun ina raye ina cin tuwo. Na farko na haƙura. Na biyun ne na ce wallahi ba zan yarda ba, ko gaban wa za a je.

Sunana Sabuwa. Ku riƙe shi da kyau, don a unguwar Ajiya kaf babu mai kirana da shi. Shekara goma ke nan ana ce mini Marigayiya. Kullum da safe ina dama kunun gyaɗa a ƙofar gidan ɗana Jibrilla, sai ka ji mace ta leƙo ta katanga tana tambaya, "Marigayiya ta fito kuwa?" Ko mai Keke ya taka birki ya ce, "Marigayiya, a cika mini kofi, tsamiya ta ji." Ni kuma in zuba masa ina harararsa. Kunun Marigayiya ya yi suna har Damilu, mai kunun kuwa nata sunan ya ɓace.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce mini haka ba, Keturah. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, 'yar Numan, tana zaune a Damilu. Hausarta irin ta mutanenmu na nan ce da suka koya a kasuwa: mace da namiji duk "shi" ne, duk "ka" ne. Ko akuya mai ciki ta gani sai ta ce ya kusa haihuwa.

Wata Talata ta zo shan kunu, na miƙa mata katin walimar jikata Nahla da ta sauke Alƙur'ani. Ni ban yi boko ba, amma katin ya yi mini kyau, kore ne da rubutun ruwan zinariya. Na ce ta karanta mini in ji daɗi. Ta sa tabarau, ta fara, sai ta tsaya. Na ga kafaɗunta suna rawa.

"Mene ne?"

"Sabuwa, ka sake mutuwa."

"Ke, bar wasa, karanta mini."

"Ga shi nan. Nahla Jibrilla, jikar marigayiya Sabuwa, Allah ya jiƙanta da rahama." Ta cire tabarau tana share hawayen dariya. "Kai, wannan mutuwa naka ya fi na farko kyau. Na farko ko kati ba a buga ba."

Na ajiye ludayi. Na rufe tukunya da kunu a ciki, abin da ban taɓa yi ba.

Bari in koma baya, don ku san inda abin ya samo asali. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi muna can ni da maigidana, yana gyaran agogo a bakin kasuwa. Keturah katanga ɗaya ce ta raba mu. Ranar da gari ya rikice mu uku muka fita da ƙafa, na sa mata hijabina na biyu don kada a gane Kirista ce, muka nufi duwatsun Kamaru. Kwana na huɗu maigidana ya zauna a gindin wani dutse don ya huta, bai sake tashi ba. Ba harsashi ba ne, dama yana da ciwon ƙirji, hawan ne ya fi ƙarfinsa. Bayan kwana biyu ni ma na zame na karye a idon sawu, zazzaɓi ya rufe ni. Keturah ta goya ni har wani ƙauye a bayan iyaka, ta zauna tana jinyata wata biyar, alhali tana da ƙafar tafiya da 'ya'ya suna jiranta.

Da rana tsaka motar itace ta sauke mu a Jimeta, lokacin zafin nan da kwalta ke kama takalmi. Na shigo Ajiya da sanda, na rame kamar kara. Mai wankin hula na bakin layinmu ne ya fara ganina. Ya saki hular mutane a kwata ya ruga masallaci. Surukata tana shanya, ta yi salati ta shige ɗaki ta sa sakata, ta bar ni da jaririya a tsakar gida. Aka kira Jibrilla daga sakatariya. Ya shigo takalmi ƙafa ɗaya, ya durƙusa ya kama ƙafata yana mammatsa ta kamar mai zaɓen mangwaro.

"Dada, ke ce?"

"A'a, aljanar gidanku ce. Tashi ka ba ni ruwa."

Ya fashe da kuka, ya fashe da dariya, ya rasa wanda zai riƙe. Kwana uku tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Mutane daga cikin Yola, daga Damare, har waɗanda ban sani ba, kowa ya zo ya taɓa ni ya tabbatar. Ban taɓa sanin ana sona haka ba, gaskiya ɗaya ce, kuma na ji daɗi.

A cikin kwanakin ne na ji an sallace ni a Yola, a ƙofar gidan iyayen maigidana. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in da masa. An raba zannuwana, har na ga atamfata mai ganyen kuka tana tafiya kasuwa a jikin wata. Jaririyar da na tarar kuwa sunana aka sa mata. To ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, suruka ma haka, sai suka laƙaba mata Nahla. Sunan yana cikin gida, amma an ninke shi an ajiye kamar zanen Salla. A waje kuma wani tsoho mai barkwanci ya ce, "Sannu da dawowa, Marigayiya," kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da na san dariyar shekara goma ce da na mare shi.

Na sha tambayar Jibrilla wa ya kawo labarin mutuwata. Kullum amsarsa ɗaya: "Labari ne ya zo, Dada." Sai ka ce labari yana da ƙafa.

Shi ya sa ranar katin nan na ɗauki mayafi, na ja Keturah sai shagon mai buga katin, wani yaro Wilson a bayan kasuwa. Na dangwara masa katin a kan tebur.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Mama. Akwai matsala?"

"Wa ya ce maka ta mutu?"

Ya jawo wata 'yar takarda da surukata ta rubuta da hannunta. Keturah ta duba ta ce an sa jikar Marigayiya, daga ƙasa kuma an sa Sabuwa, sunan yarinyar na gaskiya. Wilson ya ce, "Ni na haɗa su, Mama. Addu'ar kuma ni na ƙara, don na ga Musulmi kullum suna sawa. Ladabi na yi. Ke ƙanwar marigayiyar ce?"

"Ni ce marigayiyar."

Ya ja kujerarsa baya har ta bugi injin. Keturah ta riƙe ƙofa tana dariya, ta ce, "Kada ka gudu, ɗana, ba ya cizo sai an taɓa kununsa."

"Mama, no veks, yi haƙuri don Allah. Zan sake bugawa yau yau."

Yaron ya ba ni tausayi, ladabi ya yi kamar yadda ya ce. Amma kati ɗari uku sun riga sun shiga gidaje. Kuma ko ya goge a takarda, wa zai goge a bakin mutane? A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ba Wilson ya kashe ni ba, ba tsohon nan mai barkwanci ba. Inda aka tsaya aka yi sahu aka ce Sabuwa ta tafi, can ne aka ɗaure ni, can kuma za a kwance ni.

Washegari na tare Jibrilla kafin ya fita aiki, na ce yau sakatariya ta yi haƙuri. Mu uku muka hau Keke zuwa cikin Yola, shi a gaba kusa da direba yana ta kallon titi kamar wanda za a kai asibiti.

Modibbo Umair ne limamin da ya sallace ni. Ya haura tamanin, kunnensa ɗaya ya daina aiki, amma idonsa na nan da wasa. Muka same shi a zaure a kan buzu. Ya gaisa da Keturah, ya ce Malama ta zauna a tabarma mai kyau. Ni ko gaisuwar ban ƙarasa ba.

"Modibbo, ƙara na kawo."

"To, Dada Jibrilla. Wa kike ƙara?"

"Mutum biyu. Wanda ya ce na mutu, da wanda ya sallace ni ina da rai."

"Na biyun ga shi zaune, ba zai iya gudu ba. Na farkon fa?" Ya juya ga Jibrilla. "Kai ka zo nan kana kuka ka gaya mini. Wa ya gaya maka?"

Jibrilla ya sunkuyar da kai. Modibbo ya ce a zauren nan ba a ɓoye gaskiya don kunya. Sai da ya share gumi sannan ya yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Malama Keturah ce."

"Ni?" Keturah ta dafe ƙirji. "Yesu! Ni da na goya shi a bayana?"

"Ranar da kika kira ni da wayar wani makiyayi, daga kan dutse. Waya tana yankewa. Na ce Baba fa? Kika ce ya rasu. Na ce Dada fa? Kika ce, na gaya maka ya rasu, da hannuna na binne shi. Sai layi ya ɗauke, ban sake samunki ba."

"Baba na ji ka ce! Baba, Dada, a wayan nan duk ɗaya ne. Kuma ai ya rasu na ce. Ya! Namiji!"

"Malama," in ji Jibrilla, kamar zai nutse a ƙasa, "ke ai kowa ya ne a bakinki."

Sai Modibbo ya fara, wata irin dariya marar sauti da ta girgiza rawaninsa. Keturah ta dafe kai. Ni na juya na kalle ta. Shekara goma ina neman wanda ya kashe ni in ci masa mutunci, ashe kullum tana zaune a bencina tana shan kununa.

"Ke," na ce. "Ke da Hausarki ta kasuwa."

"Sabuwa, ka yafe mini. Wallahi ban san na kashe ka ba."

"Ga shi ma yanzu! Kashe ki ake cewa!"

"Kin kashe ki?"

"A'a! Na kashe ki!"

"To ka gani, kai ma ka kashe ni, mun yi daidai."

Nan na kasa riƙewa. Na yi dariya har ƙafata mai karaya ta amsa. Jibrilla ya ce ya ɓoye ne don kada ya ɓata tsakaninmu, matar da ta dawo masa da uwa ba zai ɗora mata wannan ba. Na ce ya yi hankali, amma zai sha kunu ba sukari har wata guda.

Da dariya ta lafa na gyara zama, don ba ita ta kawo ni ba.

"Saura kai, Modibbo. Ka warware sallar nan."

"Salla ba ɗinki ba ce da za a farke."

"Ni dai ban sani ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka tara mutane ka ce ka janye."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Kin san yadda aka yi ta?"

Ban sani ba. Duk wanda ya ɗauko zancen sallar nan a gabana sai in taso masa, har kowa ya daina.

"Mu nan ba mu saba sallatar wanda babu gawarsa ba," ya ce. "Amma shekarar nan ba gawa ake kawo mana ba, labari ake kawowa. Na ga yaron nan ba shi da kabarin da zai tsaya a kai, sai na tsaya. Salla ɗaya na yi, niyya ɗaya, mutum biyu: ke da maigidanki Bakari. In na ce na janye, ta wace ƙofa zan fitar da ke in bar shi?"

Ban shirya wa wannan ba. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba ya fito da kansa a gaban ɗana. Na gaya wa Jibrilla tun tuni an yi wa ubansa sutura. Rabin gaskiya ce. Babu ruwan wanka, babu likkafani sai mayafina. Mu biyu mata, da murfin kwano da reshen icce muka tona. Ni ban san yadda ake sallar gawa ba, wa ya taɓa koya wa mace? Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, Keturah ta koma gefe ta yi tata addu'ar a ranta, muka jera duwatsu muka tafi. Shekara goma ina ɗauke da cewa na tura mutumin nan ba salla, kamar wanda ba shi da kowa.

"Kuma shekara talatin da takwas muna tare bai taɓa kiran sunana ba," na ce. "Ke ne, ko mutanen gida. Rannan a gindin dutse ya ce Sabuwa. Sau ɗaya. Shi ne abu na ƙarshe da ya fita bakinsa. Shi ne sunan da kuka bari ya ɓace a unguwa."

Jibrilla ya rufe fuska da hularsa. Keturah ta kama hannuna, ba ta ce komai ba, wanda a wurinta babban aiki ne.

Na ce, "Modibbo, gaya mini gaskiya. Ta isa gare shi? Babu gawa a gabanka, iska ka sallata."

"Jiki kin riga kin yi masa abin da ya kamata, ke da Malama da murfin kwano. Mu kuma rai muka raka. Shi kuwa rai ba ya bukatar a kawo shi a mota."

"To nawa rabon fa? An yi addu'a da sunana, an raba masa da sunana, ni ina can ina cin ganyen da ban san sunansa ba. Ina abin ya tafi? Mala'iku sun je maƙabarta ba su same ni ba, suka koma da shi?"

"Wanda muka roƙa ya san inda kike kwance. Cewa muka yi ya yi miki rahama, ya sanyaya miki makwanci. Zazzaɓin ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ya sauka."

"To."

"Amma makwancin bai yi sanyi ba. Tabarmar kara ce da kuɗin cizo."

"Wannan kuma sai ki kai ƙara gaba, ya fi ƙarfina."

Na zauna ina tunani. Wani nauyi da na saba da shi har na ɗauka ƙashin bayana ne, sai na ji babu shi. Sallar nan da na tsana shekara goma, ashe ita ce rigar da na kasa sa wa mutumin nan. Ba zan cire masa ba. Amma kuma ban zo Yola don in koma Ajiya a Marigayiya ba.

"A bar sallar," na ce. "In lokacina ya yi a sake mini wata, kada a ce an riga an yi. Amma a ƙofar gidan iyayen maigidana aka yi shelar fitata, ba a yi ta shigowata ba. Duk wanda ya shigo duniya ana tara mutane a faɗi sunansa. Ni na shigo sau biyu, sau ɗaya aka faɗa."

Modibbo ya karkato kunnensa mai ji. "Suna kike so a yi miki?"

"Da rago."

Ya ce wannan ba ya cikin littafi, amma bai ga inda aka hana tara mutane a yi addu'a a gyara kuskure ba. Ya sa kwana bakwai daga ranar, kamar na kowane jariri.

Ban san yadda labari ya zaga ba. Wilson ya buga sabon kati, Keturah ta karanta mini: ana gayyatar jama'a, an haifa wa Malam Jibrilla uwa. Ranar da safe Keke suka yi layi daga Ajiya har ƙofar gidan iyayen maigidana, masu shan kununa duk sun zo, har mai wankin hula. Maza suka cika tabarmi a waje, mu mata muna ciki. Aka sa ni a tsakiya da sabon lalle. Keturah ta zo da matan cocinsu huɗu da kayan barka: sabulu, hoda, da 'yar hular saƙa da ko dunƙulen hannuna ba za ta shiga ba. Wanzami ya leƙo da askarsa yana tambayar ina jaririyar da za a yi wa aski. Na ce ya matso ya gani in yana da sauran kwana.

Na matsa bakin zaure inda nake jin komai. Aka raba goro da dabino. Modibbo ya yi gyaran murya.

"Ina uban jaririya?"

Aka yi dariya. Wani ya ce uban ya riga mu gidan gaskiya tun zamanin sulalla. Modibbo ya ce to Jibrilla ne waliyyi, ya matso ya faɗi sunan da za a raɗa.

Ta tsagar ƙofa na ga ɗana ya durƙusa, ya kai baki kunnen Modibbo.

"Wannan kunnen ya mutu, da gaske kuma," in ji Modibbo. "Zagayo, ka ɗaga murya."

Ya zagaya. "Sunan Dada."

"Dadar wa? Kowa a nan yana da dada."

"Sunan Nahla na gaskiya, Allah gafarta."

"Na tsufa, na manta. Faɗi."

Jibrilla, mutum mai shekara arba'in da biyu, mai ofis da mutane a ƙarƙashinsa, ya tsaya gumi yana bin wuyansa. Ya buɗe baki, sunan ya zo har haƙoransa ya koma. Tun da aka haife shi bai taɓa furta shi ba. Ni na yi masa wannan tarbiyyar, ba zan ga laifinsa ba. Amma ga rago a ɗaure, ga mahauci da wuƙa yana jira, ga jama'a sun yi tsit, kuma na san mutanen Ajiya. In aka ƙara minti ɗaya wani ɗan iska zai ce Marigayiya daga baya, a yi dariya, shi ke nan an raɗa mini shi da rago.

Na tura ƙofar zaure na leƙa kaina waje.

"Sabuwa!" na ce, da muryar da nake kiran masu kunu. "Sunana Sabuwa! Wanda bai ji ba ya matso!"

Modibbo ya ɗaga hannu biyu sama. "Jama'a ku shaida. Shekara sittin ina raɗa suna, yau na ga jaririyar da ta faɗi nata da bakinta."

Wurin ya kece. Mai shela ya miƙe ya sa hannu a kunne: "Sunan yarinya Sabuwa! Sabuwa 'yar shekara sittin da bakwai, sabuwa fil! Allah ya raya ta!" Maza suka amsa da amin kamar rugugin hadari, mata suka saki guɗa a bayana, matan coci suka kama tafi. Na ji sunan yana tafiya baki baki har ƙarshen layi, yara suna maimaitawa, tsofaffi suna gwada shi kamar sabon takalmi. Aka shafa Fatiha. Mahauci ya yi bisimilla.

Ni da na zo da shirin faɗa, sai ga ni zaune a ƙasan zaure ina kuka, baki buɗe, ba kunya. Surukata ta rikice tana neman ruwa, Nahla tana yi mini fifita. Keturah ta ture su gefe.

"Ku bar shi ya yi. Jariri in bai yi kuka ba, shi ne ake damuwa."

Da na gama na share fuska da hular saƙar nan, na aika a gaya wa mahauci hanta da ƙoda nawa ne, tunda babu mai jego da za a ba. Aka gasa aka kawo da yaji. Na ba Keturah rabi, Modibbo ya aiko a ɗebo masa mai laushi. Na tambayi tsofaffin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sun tabbatar mini: a Yola da Jimeta gaba ɗaya, ni kaɗai ce na ci naman sunana.